Gordon Carmody Yana Ƙarƙashin Tebur

Ranar da Noeleen Carmody za ta tafi Adelaide a yi mata aikin gwiwa, ta tara ma'aikatanta uku a ɗakin shayi, ta dafa tulin fayil ɗari cif, ta ce sati shida za ta yi. Ranar da za ta dawo, Juma'ar ƙarshen Oktoba, ita ce ranar da wa'adin takardun harajin mutanen nan ɗari zai cika. Daga nan sai ta yi kuskuren da ba ta taɓa yi ba a shekara talatin da ɗaya da ta yi tana riƙe da ofishin akanta a Mildura: ta yi alkawari a gaban Warwick Dunstan.

Ta ce, "In na dawo na tarar ba ko ɗaya a ƙasa, wanda ya fitar da ni kunya sunansa zai hau ƙofa kusa da nawa."

Warwick bai ji "wanda" ba, sunansa kawai ya ji. Watansa biyar da zuwa daga Melbourne a matsayin manajan ofis, bayan ya shekara goma sha biyu a hawa na ashirin na wani banki yana haɗa zanen da ake haskawa a bango lokacin taro. Takardar shaidar akanta kam yana da ita, tana rataye a bayansa cikin gilashi, amma bai taɓa cika wa kowa takardar haraji ba. Tasa ma abokiyar aikinsa Sela ce ta cika masa a watan Yuli. Motar Noeleen ba ta sha kwana ba ya buga wa mai rubutun allo waya, ya yi odar haruffan ruwan zinariya guda bakwai, ya ce a zo a liƙa su ranar Juma'ar ƙarshen Oktoba, ƙarfe goma da rabi, daidai lokacin shayin hantsi, yadda kowa zai gani.

Masu yin aikin na gaskiya su biyu ne. Sela Fifita, wadda rabin garin ke kira Anti Sela, shekararta ashirin da biyu a teburin da ke kusa da taga. Sai Con Lekatsas, wanda bai taɓa gaggawa ba kuma bai taɓa makara ba. Akwai kuma Gordon, tsohon karen Noeleen, gajere mai dogayen kunnuwa, wanda ta bar wa Sela amana. Shi aikinsa barci a ƙarƙashin teburin Sela, kuma bai taɓa fashi ba.

Safiyar Litinin suka tarar an kafa wata ƙatuwar talabijin a bango, Warwick yana tsaye a gefenta da hannun riga a naɗe.

Ya ce, "Daga yau an daina aiki da ka. Na sayo mana manhajar rabon aiki. Ita za ta san nauyin da ke kan kowa, ita za ta raba, ita za ta ce wane ya cika, wane yana da sauran wuri. Kore, lafiya. Ja, an yi lodi. Da irinta na gyara sashe mai mutum ɗari uku a Melbourne."

Con ya ce, "Mu biyu ne fa, Wazza."

"Warwick."

"Mu biyu ne, Warwick. In ina son sanin aikin da ke kan Sela, waiwayawa nake yi."

"Waiwaye ba tsari ba ne."

Ya yi bayani cewa ya shafe ƙarshen mako yana kwaso lissafin lokacin da kowane fayil ya ci bara daga tsofaffin takardun ofis, ya zuba wa manhajar. Ya kuma rubuta mata cewa kowane ma'aikaci awa talatin da takwas yake da ita a sati, kamar yadda doka ta ce, ba ƙari ko na minti ɗaya.

To, duk wanda ya taɓa zama a ofishin akanta ko na sati guda ne ya san ba da awa ake rubuta lokaci ba. Da yunit ake yi. Minti shida yunit ɗaya, yunit goma awa ɗaya. In ka ga talatin a gaban sunan mutum, aikin awa uku ne. Wannan ba sirri ba ne, mai shara ma ta sani. Amma manhajar awa take tambaya, Warwick kuwa ya zuba mata lambobin yadda ya gan su.

Ya danna. Talabijin ta yi ja wur daga sama har ƙasa. A ƙasa ta rubuta cewa fayil ɗarin nan aikin awa dubu uku ne, kuma da mutum biyu za a gama su a tsakiyar Yuni mai zuwa.

Wani daɗi ya ratsa Warwick har tafin ƙafa. Bai taɓa gano komai ba a rayuwarsa, yau ga shi ya gano bala'i sukutum.

"Kun gani? Shekara nawa kuna ɗauke da aikin mutum ashirin ba ku sani ba!"

Sela ta sauke tabarau. "Warwick, lambobin nan da ka kwaso..."

"Tambayoyi sai ƙarshe, Sela."

Ya ƙara minti arba'in yana bayani. Da ya kai ƙarshe ya duba agogo, ya ce tambayoyi sun cinye lokacinsu, kowa ya koma bakin aiki. Ya kuma kafa doka biyu. Ta farko, an soke shayin hantsi, don ofishin da ke cikin ja ba shi da sararin cin kek. Ta biyu, kada wanda ya taɓa fayil ɗin da manhaja ba ta ba shi ba.

Manhajar ta raba wa Sela aikin awa talatin da takwas a nata lissafin, ta raba wa Con talatin da takwas, ta ce sun cika maƙil sai sati mai zuwa. Suka zauna suka fara da ƙarfe tara. Ƙarfe ɗaya saura minti goma sha biyu na wannan Litinin ɗin, Con ya leƙa ofishin Warwick.

"Na gama."

"Na yau?"

"Na satin."

Warwick ya jingina da kujera yana murmushi. "Ka ga amfanin tsari? Aikin sati guda a safiya ɗaya. Ko a Melbourne ban samu irin wannan ba."

"To in ɗauki wani?"

"Dubi allo. Me ya ce?"

"Ya ce na cika."

"To ka cika."

"Ban ji na cika ba."

"Wanda ya gaji ba ya sanin ya gaji, Con. Shi ya sa aka yi manhaja."

Con ya koma ya buɗe jarida a shafin wasan kalmomi. Sela ta ciro tabarmar da take saƙa wa jikarta ta shimfiɗa a cinya. Fayil casa'in da bakwai da rabi suna kallonsu daga kan kantar ofis.

Ranar Talata Sela ta sake gwadawa. Ta rubuta a 'yar takarda ta liƙa masa a kan kwamfuta. Ya dawo mata da ita a ninke, bai buɗe ba, ya ce duk maganar da ba ta bi ta manhaja ba, a wurinsa ba a yi ta ba. Sela ba ta yi musu ba. Ta buɗe manhajar ta shigar da sabon aiki: "Gaya wa Warwick wata magana." A wurin lokaci ta sa ɗaya. Manhajar ta duba, ta ga Sela ta cika, ta sa maganar a layi sai goma sha biyu ga Yuni.

Sela ta ce, "To. Na yi nawa."

Ofishin Carmody gilashi ne daga gaba, yana kallon titi, kuma a Mildura ba a wucewa ba a leƙa ba. Misis Thuy mai gidan burodin da ke manne da su ita ta fara lura. Shekara goma sha biyar kullum ƙarfe goma da kwata Con yake shigowa ya sayi kek huɗu, yanzu kwana uku shiru. Ta fito da gari a hannunta ta leƙa, ta ga akanta biyu a tsakiyar lokacin haraji, ɗaya yana cika gurbin kalmomi, ɗaya tana saƙa. Kafin azahar mai kantin magani ya ji cewa ofishin Carmody ya durƙushe. Kafin la'asar mai aski ya ji cewa ba gwiwa ce ta kai Noeleen Adelaide ba.

Misis Thuy ta shigo da kanta ranar Alhamis, ta tsaya a bakin ƙofa. "Anti Sela, gaya min gaskiya, rufewa za ku yi? In nemi wani ya riƙe min takarduna?"

Sela ba ta ɗago daga saƙa ba. "A'a. Aiki ne ya yi mana yawa."

Misis Thuy ta dubi Con, ta dubi jaridar, ta dubi karen da ke minshari.

Con ya ce, "Kin gan mu nan, ko numfashi da ƙyar. Kalma mai harafi shida, dabba mai tsalle, amma ba kangaru ba?"

Sati biyu aka yi a haka. A Litinin ta uku Warwick ya ƙirga a yatsa, ya ga saura sati huɗu, allo kuma har yanzu Yuni yake faɗa. Ga shi kuwa ya riga ya gaya wa matarsa, da surukinsa, da duk mutanen da yake buga golf da su, cewa sunansa zai hau ƙofa. Ya tambayi manhajar mutum nawa take bukata, ta ce ƙarin goma sha bakwai. Ya ɗauki waya ya kira kamfanin da ke samo ma'aikatan wucin gadi.

"Akanta goma sha bakwai nake so, su fara gobe."

Matar da ta ɗauki wayar ta ce, "A ina?"

"Mildura."

Ya ji ta rufe bakin wayar da hannu tana kiran wata ta zo ta ji. Da ta dawo ta ce akwai mutum ɗaya a Swan Hill, shekararsa saba'in da huɗu, yana iya zuwa Laraba-Laraba in ba a yi ruwa ba.

Warwick ya ajiye waya ya zuba wa talabijin ido. Ana cikin haka Gordon ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya yi miƙa, ya ratsa ta gabansa ya tafi shan ruwa. Warwick ya bi shi da kallo har ya dawo, kuma a tsakanin tafiyar da dawowar ne dabara ta faɗo masa. Abin da ya dame shi ba fayilolin ba ne, launin allon ne. Yana ganin in allo ya yi kore, sauran zai biyo baya.

Ya danna wurin ƙara ma'aikaci. Suna: Gordon. Manhajar ta ce sai da sunan iyali. Ya sa Carmody, don ai gaskiya ne. Ta tambayi awa nawa a sati. Warwick ya yi tunani, ya ga dokar awa talatin da takwas ba ta ambaci kare ba, ya sa ɗari tara da casa'in da tara, iyakar abin da gurbin ya ɗauka.

Duk aikin da ke layi ya kwarara kan Gordon. Talabijin ta yi kore shar, ta ce za a gama saura sati guda wa'adi ya cika.

Warwick ya fito yana tafa wa kansa. "An warware!"

Con ya karanta allon a hankali. "Wazza, karen ka ɗauka aiki?"

"Gurbi ne na wucin gadi. Dabara ce da manyan kamfanoni ke yi, ba lallai ka fahimta ba."

"Ya san ya samu?"

Abin da Warwick bai lura da shi ba, manhajar tana da ladabi. Duk fayil ɗin da ta ba wani, sai ta aika wa mai shi imel. Cikin minti biyar mutum casa'in da wani abu, manoman inabi da masu gonar lemo da masu gyaran famfo, suka samu saƙo cewa daga yau Gordon Carmody ne ke kula da takardunsu.

Da Warwick ya fita cin abinci, Sela ta naɗe tabarmarta ta sa a jaka. Ta miƙe ta ɗebo fayil goma daga kan kantar, ta ajiye wa Con biyar.

Con ya ce, "Allo ya ce mun cika."

"Mun cika mana. Waɗannan na Gordon ne. Taya shi za mu yi, tsoho ne."

Daga ranar suka koma aiki kamar yadda suka saba. Duk fayil ɗin da suka gama, tunda manhaja ba ta yarda su sa sunansu ba, sai su shiga da sunan Gordon su danna "an kammala". Warwick ya ga fayiloli suna ficewa huɗu-huɗu, biyar-biyar a rana. Bai tambayi kowa ba, don mai tambaya ai bai sani ba ne. Ya yanke wa kansa cewa manhajar ce mai basira ke cika takardun da kanta. Ya faɗi haka a filin golf, ya ƙara da cewa nan da baɗi ba za a bukaci Sela da Con ba, sai dai don tausayi.

Waya kuwa ba ta huta ba, kuma Sela ce mai ɗauka. Sela mace ce mai zuwa coci sau biyu a sati, ba ta ƙarya.

"Gordon Carmody? Yana nan, amma barci yake. A ƙarƙashin tebur. Eh, kullum."

"Ya fita bayan gida, ba ya son a dame shi."

"Ba ya magana a waya. A'a, ba girman kai ba ne, haka aka halicce shi."

"Yau ba ya nan, an kai shi allura. Sai da mutum biyu suka danne shi."

Garin ya ɗauka. Aka ce ashe Noeleen tana da ɗa da ta ɓoye shekara da shekaru. Aka ce a Sydney ya yi karatu. Mai aski ya ce irin masu baiwar nan ne da ba sa son mutane, ya taɓa ganin irinsu a talabijin. Kuma kowa ya shaida aikinsa: takarda ta fita tsaf, ba gyara, ba a taɓa ganin irin wannan sauri ba.

Rocco Zappia, wanda ya fi kowa gonar inabi a cikin masu hulɗa da ofishin, ya zo da kansa ranar wata Laraba, da kwalin lemo a kafaɗa da ƙunshin kyafaffen naman da matarsa ke yi. Warwick ya fito da gudu ya tare shi.

"Mista Zappia! Ka ga sabon tsarina?"

"Ba wurinka na zo ba. Ina yaron?"

"Wane yaro?"

"Gordon. Shekara ashirin ana riƙe min takardu sai ranar ƙarshe, shi ya gama min tun saura sati biyu. Ina so in gaisa da shi hannu da hannu."

Sela ta ce, "Yana ba da hannu kam, in an ce masa."

Warwick ya yi tari. "Yana cikin taro. Taro mai tsawo."

Rocco ya sunkuyo ya rage murya. "Yana da aure?"

Sela ta ce, "Bai taɓa yi ba. An ma rufe wannan babin tun yana ƙarami."

"Kai, mutanen Sydney! To matata tana da 'yar ƙanwa, malamar asibiti ce, ba ta da hayaniya. Ranar Lahadi muna gashi a gona, ku ce ya zo. Yana cin nama?"

"Ba abin da ya fi so."

Rocco ya ajiye kayan a gefen teburin Sela ya ce a ba shi. Bai kai mota ba Gordon ya karɓi saƙonsa, har da takardar da aka ƙunshe naman. Lemon dai bai taɓa ba.

Duk da haka Warwick bai ga wata matsala ba. Allo kore ne, fayiloli suna fita, ranar tana matsowa. Sai ma ya aika wa duk masu hulɗa da ofishin gayyata zuwa shayin hantsi na musamman ranar Juma'a, a tarbi Noeleen, a kuma ga abin da ya kira sabon zamani. Ya ɗage dokar kek na kwana ɗaya, ya yi odar tire uku a wurin Misis Thuy.

Ranar Alhamis da yamma Sela ta tura takarda ta ɗari, ta danna "an kammala" da sunan Gordon, ta wanke kofinta ta tafi gida.

Juma'a ƙarfe goma ofishin ya cika har bakin titi. Wasu kek ya kawo su, amma yawanci Gordon suka zo gani. Matar Rocco ta zo da 'yar ƙanwarta, an yi mata gyaran gashi. Noeleen ta shigo tana dogara sanda, ta rame, aka ba ta kujera a gaba. Warwick ya sa sabuwar taye, ya tsaya a gefen talabijin.

"Sati shida da suka wuce na tarar da ofishin nan yana nutsewa a ƙarƙashin aikin awa dubu uku. Yau ga shi." Ya danna, allo ya yi kore, ɗari cikin ɗari. "Ba na son yabon kai, amma ba kowa zai iya wannan ba."

Aka tafa kaɗan. Noeleen ba ta tafa ba, ta sa tabarau.

"Awa dubu uku?"

"Cif."

"Nuna min fayil ɗin Rocco."

Ya nuna. Sittin.

"Awa sittin a kan takardun Rocco? Inabi yake nomawa ko jirgin sama yake ƙerawa?"

"Daga takardunki na bara na kwaso, Noeleen. Lamba ba ta ƙarya."

Noeleen ta juya a hankali ta dubi Sela.

Sela ta ce, "Yunit ne."

Misis Thuy, wadda ba ta taɓa aikin ofis ba, ta ce a fili, "Minti shida-shida ke nan. Ni ma na sani."

Warwick ya sake duban allon. Ya raba dubu uku da goma a kansa, ya sake rabawa ko zai samu wata amsa daban, bai samu ba. Ya juya kan Sela.

"Kin sani tun farko! Me ya hana ki gaya min?"

"Ka ce sai ta manhaja. Na shigar."

"Ban gani ba!"

"Ta sa ni a layin Yuni. Da ka ɗauki sabon ma'aikaci, sai ta ba shi aikin gaya maka. Ya yi maka haushi sau biyu ranar wata Talata, na ɗauka ka gane, na danna an kammala."

Rocco ya ce, "Haushi? Wa ya yi haushi?"

Noeleen ta riga ta kai layin ƙasa na allon, inda manhajar ke jera ma'aikata bisa ƙoƙari. Sela fayil uku. Con fayil uku. Warwick babu. A sama da su duka, da tauraro a gefe, fayil casa'in da huɗu.

Ta karanta da ƙarfi: "Gordon Carmody. Wane ne kuma Gordon?"

Aka ji ƙarar ƙarfen wuya daga ƙarƙashin teburin Sela. Gordon ya fito yana jan kunnuwa, ya ratsa tsakanin ƙafafun jama'a yana kaɗa wutsiya, ya zo gaban uwargijiyarsa Noeleen ya zauna, ya ɗaga mata ƙafa ɗaya.

Sela ta ce wa Rocco, "Ga shi nan. Na ce maka yana ba da hannu."

Con ya sa kek a baki don kada ya yi magana. 'Yar ƙanwar matar Rocco ce ta fara fashewa da dariya, sai ɗakin ya ɗauka har waɗanda ke kan titi da ba su ji komai ba. Rocco shi kaɗai bai yi dariya ba.

"Naman da matata ta yi sati uku tana kyafewa?"

"Ya ji daɗinsa sosai," in ji Sela.

Daidai nan agogo ya buga goma da rabi, mai rubutun allo ya turo ƙofa da tsani a kafaɗa da faifan haruffa a hannu, suna ƙyalli kowa yana iya karantawa.

"Ina Mista Dunstan? A gefen dama zan liƙa ko a ƙasa?"

Warwick ya yi ƙoƙari na ƙarshe, kuma dole a yaba masa, bai yi ƙasa da murya ba. "Noeleen, alkawari alkawari ne. Kin ce in ba ko ɗaya a ƙasa. Ba ko ɗaya a ƙasa. A ƙarƙashin jagorancina aka yi."

"Na ce wanda ya fitar da ni kunya. Kai ka ce lamba ba ta ƙarya, ko?"

"Haka ne."

"To lambarka ta ce Gordon ne. Shi kuwa sunansa yana jikin ƙofar nan tun kafin a haife shi." Ta nuna gilashin da sandarta, inda aka rubuta Carmody. Sannan ta dubi mai tsani. "Waɗannan bakwai ɗin ka ba mai su ya kai gida. Ka auna min wurin shida. Sela, faɗa masa yadda ake rubuta Fifita."

Sela ta ce, "Bari in sha shayina tukuna. Sati shida ke nan."

Ba a kori Warwick ba. Noeleen ta ce manhajar ma ba laifi, in an raba komai da goma, kuma ta bar masa ita ya ci gaba da kula. Ta dai sa Sela ta riƙa shigar da ayyuka. Safiyar Litinin ya buɗe ya ga an ba shi aikinsa na farko tun zuwansa Mildura: fita da Gordon shan iska, kullum, biyar.

Ya ɗauki igiyar karen, ya sa hula, ya cika gora biyu da ruwa, ya ce kada a jira shi cin abincin rana. Ya kai bakin ƙofa, inda haruffa shida sababbi ke ƙyalli, Sela ta kira shi ba tare da ta ɗago ba.

"Wazza. Minti talatin ne."